Larabar Kabo

Salamu alaikum mutanena. Ku gyara zama, don yau zan faɗa muku abin da na daɗe ina kewaye-kewaye a kansa. Mai yin salati ya yi, ni dai na daɗe da gama nawa.

Sunana Zinnira, a Gwarzo nake zaune a hannun kakata Inna Rahamatu. Sana'ata turaren wuta da humra, kuma ba yabon kai ba, in na turara miki atamfa ko kin wanke ta ƙamshin yana nan. Ina ɗauke da HIV. Da ita aka haife ni, ita ta tafi da mahaifiyata ina rarrafe, babana ya bi bayanta tun ban shiga makaranta ba. Kafin ku fara "wayyo, Allah sarki", ku dakata. Ƙalau nake. Ƙwaya ɗaya nake haɗiya kullum, na fi wasunku kumatu, kuma rabona da kwanciya tun wani zazzaɓin sauro da ya kayar da layinmu gaba ɗaya. A dangi kaf Inna ce kaɗai ta sani.

Maganin akwai shi a Gwarzo, kyauta ma. To amma wa zai je ya zauna a benci matar maƙwabcinsa ta zo awo ta gan shi? Shi ya sa mu 'yan Gwarzo Kabo muke tafiya karɓa, 'yan Kabo kuma su hau mota su taho Gwarzo. A hanya muke giftawa, kowacce ta cusa kai a hijabi, ga man mota ana ta ƙonawa a banza. Ni a gida cewa nake zan kai wa masu saro turare, kuma ina kai musun, don ba na son ƙarya tsurarta.

Larabar farkon wata ce ranarmu. In an gama karɓar magani sai mu mata mu zagaya bayan asibiti, ƙarƙashin wata darbejiya, mu shimfiɗa tabarmi. Nan ake komai. Mai ciki a koya mata yadda za ta haifi ɗanta lafiya lau, wadda ta fara wasa da magani a yi mata ca, wadda miji ya kora a nemo mata mai koya mata haɗa sabulu. Sista Bushira, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da mu, takan leƙo ta amsa tambayoyi. Dokokinmu biyu ne. Ba a faɗin sunan gaskiya ko unguwa, kuma duk wadda kika haɗu da ita a waje, ba ki taɓa ganin ta ba, ko a mota ɗaya kuke. Ni Auta suke ce min.

Shugabarmu kuwa Maman Laraba muke kiran ta. Doguwa ce baƙa mai wushirya, ga baki, in ta fara ba'a sai kin riƙe ciki. Amma ki kuskura ki tsallake wata guda, wayarta za ta tashe ki da sassafe: "Auta, mutuwa kika yi ba a sanar da mu ba, ko iskanci ne?" Wallahi ina son matar nan kamar ita ta haife ni.

To sai ga Mahbub.

Mutumin Getso ne, gyaran sola yake yi. Batirinmu ne ya mutu aka kira shi, ya zo ya gyara, washegari ya dawo wai ya manta abin kwance ƙusa. Jibi ma ya dawo wai zai duba ko wuta na shiga. Inna ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Kai yaro, wutar nan dai tana shiga, sai dai in taka ce ba ta shiga ba." Tun daga ranar ta sa masa suna mijinta, in ya yi sallama ta ce kishiyarta ta fito ga maigida ya zo. Shi ko sai ya sunkuyar da kai yana murmushi. Magana a wurinsa sai a hankali, kafin ya gama "ina wuni" na gama shara. Shi ya sa a ƙarƙashin darbejiya na sa masa Malam Sannu, kuma duk wata sai an tambaye ni labarinsa.

Ana haka ran wata Juma'a Baffa Ɗayyabu, ƙanin babana, ya zo bayan masallaci. Ya sha furarsa, ya goge baki, ya ce, "Zinnira, yaron nan mai sola ya isa haka da sintiri a ƙofar gida. Ki ce masa ya turo."

Na ce, "To Baffa."

"Ba to ba. Sa'o'inki duk suna ɗakunansu. Ya turo a sa rana, ku je ku yi gwajin nan da ake yi yanzu, a wuce wurin."

Gwaji! Jama'a, kun san yanzu ba a ɗaura aure sai an yi shi. Na kalli Inna, Inna ta kalli kwanon fura.

Da Larabarmu ta zagayo na zazzage wa 'yan ƙungiya komai. Kowa ta kawo tata, har da mai cewa in ce masa na fasa kawai in huta. Maman Laraba ta daka mata tsawa, sannan ta juyo kaina.

"Auta, ki faɗa masa da bakinki tun asibiti bai faɗa masa ba. Ke da gwajinki ke nuna cutar ta kwanta har na'ura ba ta ganin ta? Sista ba ta gaya mana mai irin wannan ba ta sa wa miji ba muddin tana kan maganinta? In ya tsaya, miji ne. In ya gudu, mu yi masa addu'ar sauka lafiya."

"Mama, tsoro nake ji."

"Tsoron me? Yarinya kamar ke, ga hankali ga sana'a. Ni da ɗana ne Malam Sannun nan, wallahi cewa zan yi ya riƙe ki hannu bibbiyu."

Ku riƙe wannan maganar, za ku neme ta.

Na koma gida da niyyar faɗa, amma kullum in ya zo sai in ce gobe. Na isar masa da saƙon Baffa dai, ya yi ta washe baki. Ba a yi sati ba saƙonsa ya shigo wayata.

"Ranki ya daɗe, gobe Gwaggo Uwaliya za ta zo sayen turare. Ita ta raine ni. Ban faɗa miki ba fa."

Na rubuta, "Ni ban ma ji ba."

"Yauwa. Ki sa koriyar atamfar nan."

"Mai sayar da turare ce za ta yi kwalliya don mai saye?"

"Wannan mai sayen ta daban ce."

Wanda bai sani ba ya sani, haka ake bincike a wurinmu. Ba za a ce an zo ganin yarinya ba. Wata dattijuwa za ta shigo wai ta zo sayen abu ko neman wani gida, ta sha ruwa, ta kalli tsakar gida, ta kalli yadda kika durƙusa, ta tafi. Ku kun san abin da ya kawo ta, ita ma ta san kun sani, amma kowa ya yi fuska.

Tun asuba Inna ta tashe ni. Na share tsakar gida har inda kaji ke kwana, na wanke randuna, na jera kwalaben turare a faranti. Robar maganina da ke zama cikin tsohon gwangwanin madara na tura ta can ƙarƙashin gado. Na sa koriyar atamfar, ɗinkin riga da siket, na yafa mayafi ruwan madara, na zizara kwalli. Inna ta ƙare min kallo ta ce, "Oh, kishiya ta fito da shirin ƙwace min miji." Da hantsi muka ji sallama.

Ina ɗaki na ji muryar, sai na ce a raina kai, muryoyi dai suna kama. Inna ta yi mata shimfiɗa a rumfa, suka shiga gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ya mutanen Getso, ya aka ji da zafi, ya yara, ya hanya. Sannan Inna ta ɗaga murya: "Zinniratu, kawo wa baƙuwa ruwa, ki taho da turaren."

Na fito da faranti, kaina a ƙasa kamar mutuniyar kirki. Na durƙusa, na ɗago zan gaishe ta. Wushiryar na fara gani.

Maman Laraba ce.

Wallahi kwalaben nan sai da suka yi ƙara a faranti. Ita ma na ga idonta ya buɗe, kofin da ta miƙo hannu za ta ɗauka ta fasa. Amma kun san doka, kuma ita ta kafa ta. Nan take ta gyara fuska ta ce, "Sannu 'yammata. Ke ce mai turaren?"

"Ni ce, Mama. Ina kwana?"

"Lafiya lau. Ya sunanki?"

Matar da ta san nauyina na kowane wata, ta san ranar da na yi kuka har na shiɗe, ita ce yau take tambayar sunana. Kuma da gaske take, don ba ta san shi ba. Na ce, "Zinnira."

Ta buɗe kwalba ta shinshina, ta ce wannan ya yi hawayi da yawa. Ta buɗe wata ta ce wannan dai ba laifi. Inna, baiwar Allah, ba ta san dawan garin ba, sai zuba take: jikarta ba ta yawo, daga gida sai kai turare Kabo. Baƙuwa ta ce, "Kabo? Ikon Allah. Ni ma nakan je can awon hawan jini." Na kusa shaƙewa da yawuna.

Can Inna ta miƙe wai za ta dama mata fura, irin tashin nan na a bar baƙuwa da yarinya. Tana shigewa madafa, Mama ta matso ta riƙe min hannu, murya ƙasa-ƙasa.

"Auta. Malam Sannu... Mahbub ne?"

"Shi ne, Mama."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Sai kuma dariya ta ƙwace mata, ta toshe baki da mayafi. "Malam Sannu! Wallahi kin iya sa suna, ni ce ban gane ba. Yaron da tun yana ƙarami in ka aike shi sai ka yi barci ka tashi." Dariyar ba ta ƙare ba na ga hawaye ya biyo ta.

Na ce, "Mama, kin ce da ɗanki ne..."

"Na faɗa. Ban manta ba." Ta saki hannuna ta goge ido. "Ba zan ɓoye miki ba, Auta, da na ɗago na gan ki gabana ya faɗi. Ni nake koya muku komai, na san ba abin da zai same shi, na san 'ya'yanku za su zo lafiya in an bi ƙa'ida. Amma yaron nan tun yana nono uwarsa ta rasu aka miƙo min shi. Sani daban, ciki daban."

Raina ya ɓaci, ba zan yi muku ƙarya ba, amma kuma tausayinta ya kama ni.

"Ya san naki?" na tambaye ta.

"Ina! Shi yake ɗaukata a babur duk wata, ya sauke ni a tashar Kabo, in ce masa hawan jini. In ya juya in taka da ƙafa." Ta numfasa. "Saurara. Yayana, uban Mahbub, yana can yana jiran in koma in ce ga abin da na gani. Tarbiyya zan faɗa masa, don duk Gwarzo ba mai binciken da ya san ki kamar ni. Ɗaya maganar kuwa ba tawa ba ce, ba za ta fita daga bakina ba. Amma ki faɗa wa yaron nan kafin manya su taka ƙofar gidan nan. Nawa kuma ki bar min abina."

"To Mama."

Inna ta fito da fura, Mama ta koma baƙuwa. Ta sayi turare kwalba ɗaya, har da cewa in rage mata, ta yi sallama ta tafi. Inna ta ce, "Matar nan tana da kirki, sai dai kallon tsiya."

Washegari bayan la'asar Mahbub ya zo, cikin farin yadi da hula zanna, sai ƙamshi yake. Na shimfiɗa masa tabarma a soro, na ajiye masa zoɓo mai sanyi. Fuskarsa kamar an ba shi kujerar Makka.

"Gwaggo ta ce kin yi mata. Ta ce ko ita ta zaɓa iyakar abin da za ta zaɓo ke nan."

"Yaya Mahbub, akwai maganar da zan faɗa maka. Don Allah kar ka katse ni."

"Ni da katse mutum?"

Ko a wannan halin sai da na kusa dariya. Na kafa idona a kan saƙar tabarma na faɗa masa, tiryan-tiryan, tun daga mahaifiyata har gwangwanin madara. Na faɗa masa abin da Sista ta ce game da miji da 'ya'ya. Na ce in ya ga ba zai iya ba, ba zan riƙe shi a raina ba, roƙona ɗaya kar ya faɗa wa kowa. Wannan ta "ba zan riƙe shi ba" ƙarya ce, amma ita ake faɗa.

Mai tallan awara ta wuce, akuyar maƙwabta ta leƙo ta koma, sannan ya ɗago.

"Kina shan maganin?"

"Kullum."

"A ina kike karɓa?"

"Kabo."

"Ranar Laraba," ya faɗa, kamar da kansa yake magana. Sai ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. "Bari in je, Zinnira."

Shi ke nan. Ko zoɓon bai taɓa ba. Na ji tashin babur ɗinsa, na ɗauki kofin na shanye abina ina kuka, don ni baƙin ciki ba ya hana ni shan zoɓo.

Kwanakin da suka biyo kar ku tambaye ni. Mutumin da kullum sai ya turo "an tashi lafiya, ranki ya daɗe?" ya yi ɗif. In ga yana kan waya, in rubuta sallama, in goge. Na ƙona turare kasko guda saboda tunani. Inna ta fara da wasa, "Mijin nawa yaji ya yi ne?" Da ta ga idona sai ta bar wasan, ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta ta ce, "Kin yi daidai, 'yar nan. Ko bai dawo ba kin yi daidai." Baffa kuma ya aiko a tambaya wai yaushe mutanen Getso za su zo, shi fa ya gaya wa abokansa.

Larabarmu ta sake zagayowa. Na zura dogon hijabi ruwan toka, ko hoda ban shafa ba, na hau motar Kabo. Na karɓi maganina na zagaya ƙarƙashin darbejiya. Kowa ta zo ban da Maman Laraba, ita da kullum take riga mu ta share wurin. Ana ta tambayata ina labarin Malam Sannu, na ce yana nan yana sannu. Sai wayata ta yi ƙara.

"Auta, fito bakin ƙofa." Muryar Mama ce, amma wata iri.

Na fita. Ga Mama a tsaye ta dafe bango, mayafinta ya zame. Ga babur a gefe. Ga Mahbub yana kafe shi a hankali, kamar duk duniya ba abin da ya fi kafe babur muhimmanci.

"Na ce ya sauke ni a tasha kamar kullum," in ji Mama, "yaron nan ya ƙi tsayawa. Ina ta dukan bayansa, sai da ya kawo ni nan."

Mahbub ya cire hula ya riƙe a hannu. "Gwaggo, ki yi haƙuri. Tun ina sakandare na ga robar maganin a cikin kwallarki. Na iya karatu fa."

"Ka sani? Duk shekarun nan?"

"Kin ce hawan jini, na ce to. In na sauke ki a tasha nakan zagaya in tsaya can gindin mangwaro har in ga kin shige, saboda masu mota."

Matar da ba a taɓa rufe mata baki a ƙungiya ba, yau ga ta nan sai hawaye. Ta kai masa duka a kafaɗa ta ce, "Ɗan banza, ka bar ni ina ta taka rana a ƙafa!"

Sannan ya juyo gare ni. Ni kuwa na haɗe rai, don kwanakin nan da ya bar ni a ciki ba za su tafi a banza ba.

"Zinnira, na yi laifi da na yi shiru. Tsoro na ji, kuma har yanzu da saura, ba zan yi miki ƙarya ba. Na Gwaggo na iya zama da shi, amma na aure ban san yadda ake yi ba. Ga Baba, ga Baffanki, ban san me za mu ce musu ba. Shi ne na ce bari in zo in ji daga bakin masu abin. Ina da tambayoyi da yawa."

"Da saurin maganarka sai magariba ba ka gama ba," na ce.

"To sai mu kai magaribar."

Muna nan tsaye Sista Bushira ta fito, ta gan mu cirko-cirko, biyu na kuka ɗaya na riƙe da hula. Ta dube shi sama da ƙasa, don ba a barin baƙon namiji ya doshi wajen darbejiya.

"Malam, lafiya? Wa ka rako?"

Mahbub ya kalli Gwaggonsa, ya kalle ni. Ya ɗauki lokacinsa kamar yadda ya saba, har na fara jin kamar in amsa masa.

"Duka biyun," ya ce. "Ina ne ake zama?"